Yadda ake shuka ekinasiya, a girbe ta, a haɗa shayinta da tsiminta

Tun da kwalaben ekinasiya suka fara yawa a kantunan magani, tambayoyin da masu karatu ke aiko mana kusan iri ɗaya ne: wace shuka ce wannan, za a iya nomanta a gida, kuma wane ɓangarenta ake sha? Ekinasiya 'yar asalin Arewacin Amurka ce. Da kanta take fitowa a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka da bakin dazuzzukan gabashinta, har zuwa kudancin Kanada. Danginsu ɗaya da shuwaka da tazargade da latas. Furenta ba ya ɓuya: tsakiyarsa tudu ne mai tsini-tsini kamar bayan bushiya, kewaye da shi kuma ganyayen fure ne masu launin shunayya ko ruwan hoda da suka sunkuya ƙasa.

A san abu biyu tun kafin a sayi iri. Aikin na haƙuri ne, domin ganye da fure sai a shekara ta biyu, saiwa kuwa sai shekara ta uku ko ta huɗu. Sannan amfanin da aka yarda da shi ƙarami ne: taimako na ɗan lokaci a kan mura, da shafawa a ƙananan raunukan fata.

Kayan aiki da abin da ke cin kuɗi

Za a buƙaci fakitin iri, ƙananan ledojin rainon tsiro, wankakken yashi, ruɓaɓɓen takin gargajiya, fartanya, cebur, wuƙa mai kaifi, buroshi, raga ko faifai na shanya, kwalaben gilashi masu duhu da murfi mai kamawa, da ƙaramin sikelin da ke auna giram. Iri shi ne mafi araha a cikinsu, fakiti ɗaya ya ishi ƙaramin lambu. Kuɗin yana tafiya ne wajen ban ruwa da rani, da sikeli, da kwalabe, da kuma filin da zai zauna shekara uku bai ba da komai na sayarwa ba. Wanda zai shigo da iri Najeriya daga waje ya fara neman izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, kada a tsare masa kaya a tashar jirgi.

Mataki na 1: Tantance irin da za a shuka

Nan ne aka fi yin asara, kuma ba a gane an yi ta sai bayan shekara biyu. Ekinasiya ta kai iri tara ko goma, amma uku kaɗai ake amfani da su a magani.

Echinacea purpurea ita ce mai faɗin ganye, tana kai tsawon mita ɗaya ko fiye. Saiwarta yala-yala ce, siraran jijiyoyi da yawa da ke fita daga gindi ɗaya. Ana amfani da ganyenta da furenta da saiwarta duka, kuma ita ce mafi sauƙin noma.

Echinacea angustifolia gajeriya ce, da wuya ta wuce santimita 60, ganyenta siriri mai gashi. Saiwarta ɗaya ce doguwa da ke nutsewa ƙasa sosai. Ita ce ƙabilun asalin Amurka irin su Lakota da Cheyenne ke taunawa saboda ciwon haƙori da na maƙogwaro. Saiwarta kaɗai ake nema, kuma tana da wuyar sha'ani wajen tsirowa.

Echinacea pallida doguwa ce, ganyayen furenta sirara ne, koɗaɗɗu, suna rataye ƙasa. Ita ma saiwarta ake amfani da ita.

Mai farawa ya ɗauki purpurea kawai. Ba ta buƙatar dogon sanyi kafin ta tsiro, tana yarda da dashe, kuma ita ce aka fi yin bincike a kanta.

Gargaɗi: a jikin fakitin Turanci za a ga an rubuta coneflower, amma ba duk mai wannan suna ba ce ekinasiya. Rudbeckia da Ratibida, masu furanni ruwan ɗorawa, su ma haka ake kiran su. A duba cikakken sunan Latin. Haka nan a guji waɗanda aka yi wa aure don ado, masu furen ja ko ruwan lemo ko masu ninkin fure. Don kyan gani aka samar da su, ba a auna ƙarfinsu na magani ba.

Mataki na 2: Sanyaya iri

A ƙasarta ta asali, irin yana kwana cikin ƙasa mai sanyi da damshi tsawon hunturu kafin ya tsiro. Ana kwaikwayon wannan da firiji. A gauraya kashi ɗaya na iri da uku na yashi mai damshi, wato yashin da in an matse shi a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. A zuba a leda, a ɗaure, a rubuta kwanan wata, a sa a ɓangaren kayan miya na firiji inda sanyi yake wajen digiri 4.

Angustifolia da pallida suna son wata ɗaya zuwa uku. Purpurea tana tsirowa ko ba a sanyaya ta ba, sai dai mako biyu zuwa huɗu a firiji yana sa ta fito a tare.

Gargaɗi: ba a sa iri mai damshi a wurin ƙanƙara. Kuma a riƙa buɗe ledar kowane mako. In an ga fari-farin hunhuna, ruwa ya yi yawa, sai a wanke irin a sake yashi. In an ga ya fara fitar da farar jijiya, a shuka shi a ranar. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, firijin zai riƙa ɗumi yana sanyi, irin ya ruɓe ko ya tsiro a cikin leda. A irin wannan wuri gara a tsallake matakin nan gaba ɗaya a shuka purpurea kai tsaye.

Mataki na 3: Rainon tsiro

A cika ledoji da haɗin ƙasa biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, a huda gindinsu. A sa ƙwaya biyu ko uku a kowace leda, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan, kada ta kai rabin santimita. Irin da aka binne da zurfi ba ya fitowa. A yayyafa ruwa a hankali, a ajiye inda haske yake amma ba tsakar rana ba. Da ɗumin digiri 20 zuwa 25, tsiro yana bayyana cikin kwana 10 zuwa 21. In sun fito, a bar mafi ƙarfi a cire sauran.

A Amurka da Turai ana fara raino a ɗaka wajen mako takwas kafin ƙarshen sanyi. A ƙasar Hausa lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon hunturu, Nuwamba zuwa Disamba, don tsiron ya yi ƙwari kafin zafin bazara.

Gargaɗi: tsiron da ya yi baƙi a gindi ya kwanta, yawan ruwa ne da rashin iska. A bari saman ƙasar ya ɗan bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

Mataki na 4: Shirya ƙasa da dashe

Ekinasiya tana jure fari fiye da yadda take jure ruwa. Tana son rana aƙalla awa shida, da ƙasar da ruwa ke wucewa ba ya kwanciya. Jigawa mai ɗan taki ta fi mata fadama nesa ba kusa ba. In ƙasar laka ce, a haɗa ta da yashi da taki, a tayar da kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 30.

Ana dashe bayan mako shida zuwa takwas, lokacin da tsiron ya yi ganye huɗu ko fiye. A yi shi da yamma. Tazarar purpurea santimita 45, ta angustifolia 30. A yaga ledar a hankali kada ƙasar jikin jijiya ta watse, a dasa daidai zurfin da take a leda, a danna ƙasa, a ba da ruwa.

Gargaɗi: kada a binne wuyan shukar, wato inda ganye ya haɗu da saiwa. Daga nan ruɓa take farawa. Kuma a yi hannu da takin zamani, musamman yuriya. Yana sa ta yi ganye shar da dogon kara mai faɗuwa, saiwa kuma ta tsaya.

Game da yanayi: shuka ce da ta saba hutawa a cikin sanyi kowace shekara, samanta ya mutu, ta sake tohowa daga gindi. Wurare masu tudu da sanyi irin Jos da Mambila sun fi kusa da abin da take so. A wuri mai tsananin zafi kamar Sakkwato ko Maiduguri, a dasa ta inda za ta sami ranar safe da inuwar la'asar, a rufe gindinta da busasshiyar ciyawa, kuma a sa rai da ganye da fure, kada a dogara da saiwar shekara huɗu.

Mataki na 5: Kula da ita a shekarar farko

A shekarar farko ba ta da abin kallo, ganye ne kawai a kwance kusa da ƙasa. Aikin yana gudana a ƙarƙashi. Babban abokin gabarta a lokacin ciyawa ce, domin tana girma a hankali, ciyawa ta rufe ta cikin mako biyu. A riƙa cirewa da hannu kusa da gindi, fartanya tana yanke jijiya. A makonnin farko a ba ta ruwa kowane kwana biyu, in ta kama a koma sau ɗaya ko biyu a mako, amma ruwa mai isa ƙasa. In ta fitar da kan fure a wannan shekara, a tsinke shi don ƙarfin ya koma saiwa.

Cututtuka uku ne za a sa wa ido. Ruɓar saiwa: shukar ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, sai a tone ta a gyara magudanar ruwa. Farin gari a kan ganye: cunkoso ne da rashin iska, a rage ganye a daina zuba ruwa ta sama. Ta ukun ita ce mafi muni, wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, furen ya fito kore, a murguɗe, wani lokaci da ƙananan ganyaye a tsakiyarsa. Ba ta da magani. A tumɓuke shukar da saiwarta a ƙone, kada a zuba ta cikin taki.

Gargaɗi: abin da za a sha ne, don haka ba a fesa masa maganin ƙwari irin na auduga ko na wake.

Mataki na 6: Girbin ganye da fure

Daga shekara ta biyu, lokacin da furanni suka buɗe sosai amma ba su fara bushewa ba. A yanka da safe bayan raɓa ta bushe. A ɗauki sulusin sama na kara tare da fure da ganye masu lafiya. Wanda yake son saiwa daga baya kada ya kwashe fiye da sulusin shukar a shekara.

A bar wasu furannin su bushe a kan kara don iri. In kan ya yi baƙi ya bushe, a yanke shi a murje da safar hannu, tsininsa yana suka. Iri daban-daban da aka shuka kusa da juna suna gauraya ta hanyar ƙudan zuma, irin da aka tara daga nan ba zai zama tsantsa ba.

Mataki na 7: Tonon saiwa

Sai shukar ta cika shekara uku. A ƙasashen sanyi ana tono da kaka, bayan saman shukar ya bushe. A nan kuma a jira ta gama fure, ganye ya fara bushewa, damina ta ɗauke. A yanke karan, a zagaya gindin da cebur a tazarar santimita 25 zuwa 30, a ɗaga duka dunƙulen. Ta angustifolia tana buƙatar rami mai zurfi, in aka fizge ta rabinta zai tsinke a ƙasa.

Ba dole a rasa shukar ba. Gindin purpurea yana rabuwa: a yanka shi gida biyu ko uku, kowane da idon toho da 'yan jijiyoyi, a mayar da ɗaya ƙasa nan take a ba shi ruwa.

Mataki na 8: Wanki da shanya

Wannan matakin shi ke raba kaya mai kyau da ƙaiƙayi. Sinadaran da ake nema a ekinasiya ba sa jure zafi, ba sa jure daɗewa a jiƙe. Wanda ake kira alkamaid, mai sa harshe tsirtsiri, yana raguwa da zafi da iska. Wani kuma, asid ɗin cikorik da ya fi yawa a purpurea, yana lalacewa da sauri in an yanka shukar aka bar ta da damshi. Saboda haka ranar da aka tone, ranar ake wankewa a fara shanya.

A kakkaɓe ƙasa, a tsaga gindin don ƙasar da ta maƙale a tsakiya ta fita, a wanke da buroshi a ruwa mai gudu. Ba a jiƙa saiwa a bar ta a bokiti. A yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi. A yayyanka sauran ƙanana, kauri kamar santimita ɗaya, tun tana ɗanya, domin in ta bushe wuƙa ba ta cin ta.

A baza a kan raga ko faifai, shimfiɗa ɗaya ba a kan juna ba, a inuwa mai iska. A riƙa juyawa kullum. Mai na'urar busar da abinci ya sa ta a digiri 35 zuwa 40. Ganye yana bushewa cikin kwana uku zuwa bakwai, saiwa tana iya kai mako biyu. Ganye ya bushe in ya murƙushe a hannu, saiwa kuma in ta karye ƙas ba ta lanƙwashe ba. Nauyin zai ragu ƙwarai, ya koma wajen sulusi ko rubu'in ɗanyen.

Gargaɗi: kan furen yana yaudara. Waje ya bushe, ciki da ruwa, bayan mako biyu a kwalba sai hunhuna. A tsaga kowane kai biyu ko huɗu kafin shanya. Kada a shanya a kan kwanon rufi, ko siminti a tsakar rana, ko bakin titi. Iskar hunturu tana busarwa da kyau, amma a rufa siririn ƙyalle saboda ƙura.

Akwai gwaji mai sauƙi: a tauna ɗan guntun busasshiyar saiwa. Ta purpurea ko angustifolia mai kyau tana sa harshe tsirtsiri, miyau ya kawo, bakin ya ɗan yi sanyin jiki na 'yan mintoci. In ba a ji komai ba, ko ta tsufa, ko zafi ya kashe ta, ko ba ita ba ce. An sha kama saiwar wata shuka mai suna Parthenium integrifolium ana sayar da ita a madadin purpurea. Pallida ita ce ba a yi wa wannan gwaji, domin tun asali ba ta da tsirtsiri sosai.

Mataki na 9: Ajiya

A zuba a kwalba busasshiya, saiwa daban, ganye da fure daban, a rubuta suna da wata da shekara. A ajiye wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu. Kada a daka duka a mai da ita gari, garin yana saurin rasa ƙarfi. A daka wadda za ta isa mako ɗaya kawai. A yi amfani da ita cikin shekara.

Mataki na 10: Shayi da tsimi

Shayin saiwa: giram ɗaya, wato kimanin rabin ƙaramin cokali, a kofi ɗaya na ruwa. A tafasa a ƙaramar wuta, tukunya a rufe, minti 10 zuwa 15, a tace. Shayin ganye da fure ba a dafa shi: ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti 10. Ana iya sa zuma ko citta ko lemun tsami. A sha a ranar, kada ya kwana.

Tsimin da ake sayarwa a Turai da Amurka yawanci da barasa ake jiƙa shi. Mai gudun wannan ya yi da gilisarin na tsirrai. A sa giram 50 na busasshiyar saiwa da aka ɗan farfasa a kwalba. A gauraya mililita 175 na gilisarin da 75 na ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba har ya rufe saiwar. A rufe, a ajiye a duhu, a girgiza kullum har mako huɗu zuwa shida. A tace da ƙyalle mai tsabta, a matse, a zuba a kwalba mai duhu. Babba yana shan rabin ƙaramin cokali. Gilisarin ba ya janyo alkamaid kamar yadda barasa ke yi, don haka wannan tsimin bai kai wancan ƙarfi ba.

Gargaɗi: gilisarin na abinci ake nufi, ba wanda ake haɗa man shafawa da shi ba, mai turare. Kuma kada ruwa ya rinjayi gilisarin, in gilisarin ya yi ƙasa da kashi 60 cikin 100 tsimin zai yi tsami. Duk wanda ya yi kumfa ko wari a zubar.

Mataki na 11: Wa zai sha, sau nawa, har yaushe

Babba ya fara da zarar ya ji alamar mura, kofi ɗaya ko rabin cokalin tsimi, har sau uku a rana. Hukumar Magunguna ta Turai ta amince da ruwan ɗanyar purpurea don mura na gajeren lokaci, ta kuma ƙayyade kada a wuce kwana 10. A ɗauki wannan iyaka ga shayi da tsimi ma. Ba abin sha ba ne na kullum kamar shayin safe.

Kada a sa mata ran da ya fi ƙarfinta. A 2014 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan mutum fiye da 4,600, ba a sami tabbacin tana rage kwanakin mura ba, sai ɗan alamar tana iya rage kamuwa kaɗan. Ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ko taifod, ko ciwon huhu, kuma ba ta maye gurbin rigakafi.

Waɗanda ba za su sha ba:

Yara 'yan ƙasa da shekara 12. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba da wannan shawara a 2012 saboda haɗarin borin jini, kuma wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna yaran da suka sha sun fi samun ƙuraje.

Duk wanda jikinsa ba ya karɓar tsirran wannan dangi na shuwaka da tazargade, da mai asma ko yawan borin jini.

Mai tarin fuka, mai cutar ƙanjamau, mai ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jiki da kanta, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko yake shan maganin danne garkuwa.

Mai ciki da mai shayarwa, sai da izinin likita.

Mai shan magani na dindindin, ko wanda ake yi wa maganin ciwon daji, ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna, domin ekinasiya tana taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna. Ko sinadarin kafin da ke cikin kofi yana daɗewa a jiki in ana shan ta.

Gargaɗi: in aka ga ƙaiƙayi, ko kumburin leɓe da fuska, ko numfashi ya fara sarƙewa, a daina nan take a tafi asibiti. Haka in zazzaɓi ya yi zafi ko ya wuce kwana biyu, a je a yi gwajin jini maimakon ƙara kofi. Shafawa a fata kuma ga ƙaramin ƙwarzane ne kawai, mako ɗaya, banda rauni mai zurfi ko mai ruwa.

Wanda ba zai iya jiran shekara uku ba, na kanti zai saya, ya karanta jikin kwalbar ya nemi abu biyar: cikakken sunan Latin, ɓangaren da aka yi amfani da shi, adadin miligiram a kowace ƙwaya, ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC in a Najeriya ne. In na ruwa ne ya duba ko an rubuta kason barasa, in kafso ne ya duba ko ɓawonsa na tsirrai ne ko na jelatin, wanda ake yi da fata da ƙashin dabbobi.